Tsohon keken tsere na ƙarfe: wace giya za a ɗaura masa, da waɗanne kaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na sayi tsohon keken tsere na gwanjo, Raleigh, mai lanƙwasasshen kai. Firam ɗin ƙarfe ne kuma a ido lafiyarsa ƙalau, amma giya ta mutu, firiwil ya cinye, tayoyi sun tsattsage. Ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Ringim, hanyata rabi kwalta ce, rabi burji da yashi. Abokaina sun ce in kwance komai in ɗaura kayan zamani masu giya 21. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri a abin hawa. Ka samu keken da ya cancanci wahala, kuma ina roƙonka kada ka sayi ko noti ɗaya sai ka auna firam ɗin. Keken nan an ƙera shi da ma'aunin zamaninsa, kayan yau kuwa da nasu ma'aunin. Yawancin tsofaffin kekunan da ake kawo mini a lalace, ba shekaru ne suka kashe su ba, an tusa musu abin da ba nasu ba ne da ƙarfin sifana.

Fara da shafa hannu a ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuya zuwa wajen feda, daf da wuyan. Idan ka ji tudu ko ka ga fenti ya tattare a wurin, keken ya taɓa yin karo ta gaba, kuma sau da yawa za ka tarar fok ya koma baya. Duba kuma bututun nan biyu na baya kusa da feda, nan tsatsa ke fara ci daga ciki. Sassauta notin sirdi da na kai ka ga ko suna motsi, domin sandar alminiyam da ta shekara da shekaru cikin bututun ƙarfe takan manne. Idan ka ga tsagewa, kada ka kai wa mai waldar lantarki. Irin wannan firam da tagulla aka haɗa gaɓoɓinsa, kuma bututun mai kyau kaurin bangonsa a tsakiya bai kai milimita 1 ba, wutar lantarki huda shi za ta yi. Mai waldar gas wanda ya iya tagulla shi ne mutuminka. Idan akwai ragowar takarda a bututun sirdi mai lamba 531, to bututun kamfanin Reynolds ne na Ingila, wanda aka fara yi a 1935, kuma ka yi dace. Sandar sirdinsa galibi milimita 27.2 ce, na ƙananan kekuna kuwa takan tsaya a 25.4. Auna da ma'auni, kada ka cika gibi da gwangwani.

Yanzu zare, wanda a nan ne Raleigh ke kama mutane. Mun san Raleigh a ƙasar nan tun kakanni, har masana'anta kamfanin ya yi a Kano, amma mutane kaɗan ne suka san cewa kekunansa da aka ƙera a Nottingham suna da zaren kansu. Kofunan da ke riƙe aksul ɗin feda a yawancin kekunan duniya zare 24 ne a kowane inci, a gida mai faɗin milimita 68. Na Raleigh zare 26 ne, gidan kuma 71 ko 76. Manyan kekunan tserensa da aka ƙera a masana'antar Carlton da ke Worksop su ne suka bi na kowa. Bambancin 24 da 26 ido ba ya gani. Sabon kofi zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya, sannan ya cije, mai gyara ya ƙara tsawon sifana, zare ya tafi. Saboda haka sa tef ka auna faɗin gidan. In ka ga 68, kasuwa a buɗe take gare ka. In ka ga 71 ko fiye, riƙe tsofaffin kofunanka kamar kuɗi. Wanke su da kananzir, ka duba hanyar da boris ke bi, in babu ramuka ka zuba sabon boris mai kwatan inci, guda 11 kowane gefe, da giris mai kauri. Haka zaren wuya yake, shi ma 26 ne a irin waɗannan, don haka notin wuya ma kada ya ɓata. Kofin gefen cen kuma zarensa na hagu ne, ana kwance shi ta inda ake ɗaure sauran notuna.

Ga masu karatu da kekensu na Faransa ne, irin Peugeot ko Motobécane ko Gitane na da, ku naku ya fi wannan rikici. Kofuna milimita 35 ne, sandar kai 22.0 maimakon 22.2, zaren feda ma dabam. Ku ma dokar ɗaya ce, abin da ya zo da keken kada a yar.

Idan ƙafar fedarka irin mai kotafin ce, wato ƙusar nan mai noti da ke kulle ƙafa da aksul, ba laifi ba ne, ƙarfe ne mai jure wahala, nauyi kawai gare shi. Kotafin na Ingila milimita 9.5 ne, irin wanda ke jikin kekunanmu na gida, don haka ba zai yi wuyar samu ba. Da guduma ake zaunar da shi bayan an tokare ƙafar da ƙarfe daga ƙasa, notin riƙewa kawai yake yi. Biyun kuma su kalli sashe dabam-dabam, in ba haka ba ƙafafun ba za su miƙe a layi ɗaya ba. In kana son ta alminiyam mai aksul mai kusurwa huɗu, ɗauki tsohon aksul ɗinka ka tafi da shi kasuwa, ka gwada tazarar kafaɗun nan biyu da boris ke hawa. In tazarar ta yi daidai, sabon aksul zai zauna cikin tsofaffin kofuna.

To, mu zo kan giya, abin da ka tambaya.

Lissafin ba shi da wuya, kuma kai malami ne. Raba haƙoran farantin gaba da haƙoran firiwil, ka ninka da kewayen taya, ka samu nisan da keke ke tafiya a juyin feda ɗaya. Tayar keken tsere mai faɗin milimita 32 kewayenta kusan mita 2.15 ne. Kekunanmu na gida, su Phoenix da baƙin Raleigh mai burkin sanda, farantinsu 44 zuwa 48 ne da firiwil 18 ko 20, wato mita 5 zuwa 6 a juyi ɗaya. Da wannan giya guda mutanenmu ke kai buhu kasuwar Maigatari ranar Alhamis su dawo. Ka riƙe wannan adadi, shi ne tsakiyar abin da ƙafar mutum ke so a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Keken tsere na wancan zamani yakan zo da faranti biyu, 52 da 42. Ɗaura 52 a kan 14 ka samu kusan mita 8. In kana juya feda sau 80 a minti, gudun kilomita 38 ke nan a awa. Wannan giyar 'yan tsere ce da ke tafiya a ayari, wani na tare wa wani iska. Kai kuwa kai kaɗai ne, da jakar littattafai, da iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas ta doke ka a ƙirji wata da watanni. A ƙasarmu ba tudu ne ke karya mai keke ba. In ka cire wajen Kazaure da Dutse da Gwaram, da kudancin Kano ta Doguwa da Riruwai, ƙasar a kwance take. Abin da ke cin ƙarfi iska ce da yashi da kaya a kariya, kuma dukkansu giya mai laushi suke nema.

Ga abin da zan ɗaura in keken nawa ne: firiwil mai hawa 6, daga 14 zuwa 28, irin na Shimano da haƙoransa ke tafiya 14, 16, 18, 21, 24, 28, da faranti 42 a gaba. A kan 14 kana da mita 6.45, wato kilomita 31 a awa, ya ishe ka a kwaltar Ringim zuwa Kano ranar da iska ke bayanka. A kan 18 kana da mita 5, nan za ka yini. A kan 21 da 24 za ka shiga iska da burji. A kan 28 kana da mita 3.2, wadda za ta fitar da kai daga yashi kana zaune a sirdi, kuma zaman yana da muhimmanci, domin da zarar ka miƙe tsaye a yashi tayar baya ta rasa nauyi sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Yi lissafin babban farantin da kanka ka gani: da wannan firiwil, giya biyu kacal 52 ke ƙara maka a sama da abin da 42 ya riga ya ba ka, wato 52 kan 16 da 52 kan 14. Sauran huɗun sun faɗa cikin tazarar da kake da ita. Haka abin yake, har ya fi, a giya 21 ɗin abokanka. Faranti uku sau hawa bakwai ne, da yawa maimaici ne, wasu kuma ba a hawansu don cen yana karkacewa ya ci haƙora.

Ba na cewa ka cire babban farantin. In yana da lafiya kuma injin giya na gaba yana aiki, bar shi, kyan keken ne, kuma ranar da ka nufi Wudil da iska a baya za ka ji daɗinsa. Amma in injin gaba ya mutu, kada ka kashe kuɗi a kansa. Bar cen a kan 42 ka huta da waya ɗaya. Wanda ke zaune a ƙasar tudu ko yake ɗaukar kaya masu nauyi, shi ne zai nemi firiwil mai kaiwa 34, ko ƙaramin faranti. Nan ma akwai iyaka: ƙafar feda da faɗin da'irar notunanta masu riƙe faranti ya kai milimita 144 ba ta karɓar faranti ƙasa da 41 ko 42, mai 130 tana sauka zuwa 38, mai 110 zuwa 34.

Kafin firiwil mai hawa 6 ya shiga, auna tsakanin kunnuwan baya inda aksul ke zama. Keken hawa 5 milimita 120 ne, na hawa 6 da 7 kuwa 126, na zamani mai hawa 8 zuwa sama 130, keken dutse 135. Alherin ƙarfe shi ne yana karɓar buɗawa. Daga 120 zuwa 126 milimita 3 ne kowane gefe, ana yi da katako a hankali, gefe ɗaya bayan ɗaya, ana aunawa. Bayan an gama a ɗaura zare daga kunne ɗaya, a zagayo da shi ta wuya zuwa ɗaya kunnen, a auna tazarar zaren da bututun sirdi dama da hagu. In sun yi daidai firam bai karkace ba. Firam ɗin alminiyam ba a yi masa haka ko kusa, tsagewa yake yi. Zuwa 135 kuwa don a cusa wilin keken dutse, ban yarda ba, an wuce gona da iri. Kuma in ka samu firiwil mai hawa 5 na 14 zuwa 28 mai lafiya, ɗaura shi ka bar firam yadda yake, ba ka rasa komai ba sai hawa ɗaya a tsakiya.

Dalilin da ya sa na tsaya a 6 ban ce 7 ba, aksul ne. A wilin da ake murɗa wa firiwil, boris na gefen cen yana can ciki, sai aksul ya fito da tsawo babu abin da ya tallafe shi. Kowane hawa da ka ƙara, wannan tsawon ya ƙaru. Sa mutum da kaya a kai, ka bi burji mai gargada, aksul zai lanƙwashe, wata rana ya karye. Wannan ce matsalar da aka magance da irin wilin da ake zura haƙora a jikinsa, wanda Shimano ya yaɗa tun ƙarshen shekarun 1970, amma shi sai ka sayi wili sukutum, kuma kayansa ba kowace rumfar ƙauye ke da su ba. Firiwil mai murɗawa kuwa duk mai gyara ya san shi. Shafa giris a zaren kafin ka murɗa, ka fara da hannu, don wanda zai kwance shi nan gaba ya yi maka addu'a.

Injin giya na baya, wato ƙarfen nan mai 'yan ƙafafu biyu da cen ke bi, duba sunan da ke jikinsa. In Simplex ne mai jikin baƙar roba, shekaru da zafin rana sun gama da shi, tsagewa yake yi ba gyara. In ka ga SunTour, wanke shi ka mayar. Kamfanin nan na Japan shi ya fito da tsarin da injin ke gangarowa a karkace yana bin haƙora a 1964, kuma da haƙƙin mallakarsa ya ƙare sauran kamfanoni suka kwaikwaya. A tarin kayan gwanjo in ka ci karo da shi, ko tsohon Shimano na ƙarfe, ɗauka. In babu, sabon Tourney na Shimano ya wadatar. Abu biyu za ka duba. Na farko, ya iya hawa haƙori 28, domin gajerun injinan tsere da yawa a 24 ko 26 suke tsayawa. Na biyu, ya iya tattare rarar cen: cire 42 daga 52, cire 14 daga 28, ka haɗa, 24 ke nan, injin ya zama mai ɗaukar wannan ko fiye. Sannan kalli kunnen dama na firam. In babu ramin ɗaura inji, sayi mai ƙugiya wanda notin aksul ke dannewa.

Liba kuwa, ina roƙonka ka bar na asali da ke jikin bututu, waɗanda ake ja a hankali har cen ya zauna. Masu ƙas-ƙas da Shimano ya shigo da su a 1984 suna da daɗi ranar da aka saita su, sai dai suna son liba da inji da firiwil duk su zama 'yan gida ɗaya, waya kuma ta kasance tsaf. Ƙurar wata ɗaya ta hunturu ta isa ta sa su fara tsallake. Libar ja ba ruwanta da wannan. Kowane inji, kowane firiwil, za ta yi aiki da shi, wayarta gajeriya ce kusan duk a fili, kuma hannunka zai koyi wurin kowace giya cikin mako guda.

Akwai wata hanyar da nake ƙauna, ko da yake samunta sai an dace: giyar cikin wili ta Sturmey-Archer mai hawa 3, samfurin AW, wadda aka fara a 1936 a Nottingham. Komai nata a rufe yake, ƙura ba ta kai gare shi, ɗigon mai kawai take so. Hawan tsakiya kai tsaye ne, na ƙasa ya rage kashi 25 cikin 100, na sama ya ƙara 33. Da faranti 42 da haƙori 20 za ka samu kusan mita 3.4 da 4.5 da 6. In ka ganta a jikin wani mataccen keke, kada ka wuce ta.

Cen na giya siriri ne, 3/32 na inci. Na kekunan gida 1/8 ne, ba zai shiga tsakanin haƙora ba. Sayi sabo tare da sabon firiwil, domin tsohon cen yana cinye sabon haƙori. Gwajinsa da tef ne: daga ƙusa zuwa ƙusa ta inci 12, in ya ƙaru da 1/16 lokacin canji ya yi, in ya kai 1/8 ya riga ya tafi da firiwil. Kuma don Allah a daina zuba masa baƙin mai. Mai da yashi in sun haɗu dutsen wasa ne. Wanke da kananzir, ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, goge na waje da tsumma har ya bushe.

Taya ita ce inda za ka fi jin bambanci a jikinka, fiye da giya. Karanta lambar da ke gefenta, ƙaramar mai lamba uku a ƙarshe. Tsofaffin Raleigh na tsere galibi 27 x 1¼ ne, wato 630. Na zamani 700C ne, 622. Wadda ta cika kasuwannin ƙauye, 28 x 1½, ita 635 ce. Kusa suke da juna amma babu mai hawa wilin wata, kuma abin da ke ruɗa mutane shi ne wasu tayoyin 622 ma an rubuta musu 28. Wannan ƙaramar mai lamba uku ita ce gaskiya. Tayar 630 tana ƙara wuya, don haka in wilinka na ƙarfe ne ya yi tsatsa ko ya karkace, koma 622 na alminiyam mai sifok 36. Riba biyu ce: burki yana kama alminiyam ranar ruwa, abin da wilin ƙarfe mai ƙyalli ba ya yi, kuma ka samu ƙarin fili na faffaɗar taya. Sharaɗin shi ne robar burki ta iya sauka milimita 4. Tsofaffin burkin Weinmann masu jan tsakiya galibi suna da wannan rarar, shi ya sa ban so a cire su. Sabuwar roba da sabuwar waya kawai suke buƙata, kuma kan wayar keken tsere dabam yake da na keken dutse, tafi da tsohuwar.

Siririyar taya mai 23 ko 25 ba ta hanyarka ba ce, nutsewa take a yashi. Sa 32, ko 35 in firam ya bari, ka bar tazarar milimita 4 ko 5 kowane gefe saboda taɓon damina. In ka ci gaba da tsohon wili wanda bakinsa ba shi da ƙugiya a ciki, kada iska ta wuce 70 a gejin masu faci, taya na iya tsalle ta fita. Bawul irin na mota ya fi maka, duk mai faci yana da bakinsa. Saboda tsidau, yanka tsohon tub ka shimfiɗa tsakanin taya da sabon tub, yana rage faci sosai.

Lanƙwasasshen kan yana taimako a iska, amma in bayanka bai so, ɗaga sandar kai, kada dai ka wuce layin da aka zana a jikinta. In za ka koma miƙaƙƙen kai, sai da libar burkinsa, domin kaurin bututun 22.2 ne, na tsere 23.8.

Wajen kashe kuɗi, fara da tayoyi da burki da boris, sannan cen da firiwil, inji ya biyo baya, fenti a ƙarshe in ya rage. Boris na wilin baya kwatan inci ne guda 9 kowane gefe, na gaba 3/16 guda 10. Bayan tafiyar mako guda, koma wa mai gyara ya sake zaunar da kotafin ko ya ƙara ɗaure notin ƙafa, ya ja wayoyin da suka saki, ya bi sifok ɗaya bayan ɗaya, domin sabon wili yakan saki a burji kafin ya zauna.